Gudun gara, faɗa wa zago: gidan likita a lokacin annoba

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 ne ma'aikatar kiwon lafiya ta ba da sanarwar samun mutum na farko mai cutar korona a Nijar, a birnin Yamai. Kwana biyu kafin nan, shugaban ƙasa na lokacin, Isuhu Mahamadu, ya riga ya sanar da rufe filayen jirgin sama da iyakoki da makarantu. Kafin watan ya ƙare an kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, an killace Yamai, an hana sallar jam'i, ba a sake buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. Shekara uku bayan haka, ranar 5 ga Mayu 2023, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce korona ta daina zama bala'in gaggawa. A lissafin hukuma, waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasarmu ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu kuma 300 ne da ƴan kai. Allah ya jiƙan su.

Wannan shi ne lissafin da aka dinga karanta mana a rediyo da telebijin. Akwai wani wanda ba ya cikin sanarwa: na yaron da masassara ta kama a wani ƙauye na Gangara aka ƙi kai shi likita don kada a ce korona ce, na macen da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki a ƙasar Saye Sabuwa, na dattijon da maganin hawan jininsa ya ƙare ya ce sai ƙura ta lafa. Hausawa na cewa an yi gudun gara an faɗa wa zago. Ra'ayinmu shi ne, a gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ƙaurace wa gidan likita a lokacin annoba ya fi annobar kanta haɗari. Amma ba shi yiwuwa a ce wa talaka ya zo, alhali ba a gyara masa ƙofar da zai shiga ba. Tunda annoba ba ta aiko da goron gayyata, yanzu da hankali ke kwance ya kamata a yi wannan magana.

Cututtukanmu ba su tafi hutu ba

Duk wanda ya bi hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har Gazawa ya san ƙasa ce ta manoma mai cike da yara. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen jahar Maraɗi na haihuwar ƴaƴa sama da 8 a rayuwarta, in an yi tsaka-tsaki. Ke nan kusan kowane gida akwai mai ciki, ko mai goyo, ko yaron da bai kai shekara 5 ba. Su ne suka fi kowa bukatar likita, kuma bukatarsu tana da lokaci. Daga Yuli zuwa Oktoba masassarar cizon sauro ke haɗuwa da ƙarewar hatsi a rumbu, tamowa ta samu wurin zama. Ba a manta da 2005 ba, shekarar da jahar nan ta zama cibiyar yunwar da duniya ta yi ta magana a kai. Daga sanyi zuwa bazara kuma lokacin ƙyanda ne da sanƙarau. Babu ɗaya cikin waɗannan da ta ji an kafa dokar ta-ɓaci ta dakata.

Lissafin duniya ya nuna haka. OMS ta ce a 2020 masassarar cizon sauro ta kashe mutum 627,000, ƙarin 69,000 a kan 2019, kuma wajen 47,000 daga cikin ƙarin sun faru ne saboda korona ta dagula aikin rigakafi da gwaji da magani. A wannan shekara yara miliyan 23 a duniya ba su samu alluran rigakafi na farko ba. A nan gida, ƙungiyar likitoci marasa iyaka, MSF, ta ba da labarin cewa a watanni uku na farkon 2021 an samu masu ƙyanda 3,213 a Nijar, alhali a irin wannan lokaci na 2020 mutum 1,081 ne. Allurar da ba a yi ba bara, ita ce ƙyandar bana.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A watan Afrilu na 2020 aka yi ta mace-mace a Kano har masu haƙar kabari suka gaji. Daga baya ministan lafiya na Najeriya ya ce an ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Galibinsu dattawa ne masu hawan jini da ciwon suga, a lokacin da aka hana fita, asibitoci da yawa kuma suka rufe ƙofa ko suka ƙi karɓar marasa lafiya. Kafin nan, a ƙasar Gine lokacin cutar Ebola, masu bincike sun ƙiyasta cewa a 2014 kaɗai masu masassara wajen 74,000 ne ba su je likita ba don tsoro. Darasin a fili yake tun kafin korona ta zo, sai dai ba a karanta shi ba.

Tsoron yana da asali

Ma'aikacin da ke zaune a ofis yana da saurin cewa jahilci ne ke hana mutanen karkara zuwa likita. Wannan magana ta fi sauƙi a baki, amma ba ta yi wa mutane adalci ba. Dattawan yankin nan suna da abin tunawa. A annobar sanƙarau ta 1995, wadda ta kama dubban ƴan Nijar, an gano cewa wani kashi na allurar rigakafin da aka kawo gudummawa daga Najeriya jabu ne, kuma an riga an yi wa dubban mutane. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta tsallako iyaka ta shigo mana. Labarin da ya tashi a Kano ko Katsina da safe, kafin la'asar yana tashar Gazawa.

Sai kuma maganar kuɗi. Bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, aka kafa dokar 1995 wadda ta ɗora wa marar lafiya biyan wani kashi na kuɗin magani. A 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka ce awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, bayan an riga an yafe kuɗin aikin fiɗa wa mai naƙuda. Shawara ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka da yawa. Amma gwamnatoci sun yi ta jinkirin biyan gidajen likita kuɗin wannan kyauta, bashi ya taru shekara da shekaru, kantar magani ta bushe. Uwa ta yi tafiyar rabin yini a kan amalanke, a ce mata magani kyauta ne amma babu, ga takarda ta je ta saya. Wadda aka yi wa haka sau biyu, in annoba ta zo, ƙaramin dalili ya ishe ta ta zauna gida.

A 2020 aka ƙara da jita-jita: wai duk mai tari ko zafin jiki da ya je likita za a ce korona gare shi a tsare shi, in ya mutu a hana danginsa gawa. Rufe masallatai, wanda ya jawo tarzoma a Mirya da wasu unguwannin Yamai, ya sa mutane da yawa suka ɗauki duk maganar korona a matsayin rigima tsakaninsu da hukuma. Kuma a faɗi gaskiya, tsoron ɗaukar cuta a gidan likita ba tatsuniya ba ne. Inda marasa lafiya suka taru nan cuta ke taruwa, kuma ma'aikatan lafiya da yawa sun kamu a watannin farko. Saboda haka faɗar “kada ku ji tsoro” ba ta wadatar ba. Sai an rage abin tsoron, mutane sun gani da idonsu.

Abin da ke wuyan hukuma

Abin mamaki, yawancin abin da ke sa gidan likita ya zama wurin aminci ba shi da tsada. Na farko ruwa da sabulu. Tun 1847 wani likita a birnin Biyana, Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu da ruwan kulorin kaɗai ya rage mutuwar masu jego ƙwarai da gaske. Amma rahoton OMS da UNICEF na 2022 ya ce rabin gidajen likita na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu, a ƙasashe mafi talauci kuma kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da shi. Magajin garin da ke da kuɗin sabunta mota amma CSI na garinsa na sayen ruwa a jarka, a tambaye shi dalili.

Na biyu tacewa a bakin ƙofa. Mutum guda mai takunkumi a fuska ya tsaya ya tambayi kowa abin da ya kawo shi: mai tari da zafin jiki ya bi nan, mai amai da gudawa ya bi can, mai awon ciki da mai rigakafi su bi wata hanya daban. Na uku iska. Korona da ƙyanda da tarin fuka duk ta numfashi suke yaɗuwa, sun fi kama mutane a ɗaki rufaffe mai cunkoso. A nan Allah ya hore mana abin da Turai ba ta da shi: fili da rana. Rumfar zana biyu ko uku a farfajiya, da tagogi a buɗe, sun fi wani dogon baranda da mata hamsin ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Na huɗu rarraba ranaku da sa'o'i, don kada jarirai masu lafiya da aka kawo allura su yi layi ɗaya da marasa lafiya. Na biyar, masu ciwon da ba ya warkewa da wuri, irin su hawan jini da suga da sida, a ba su maganin watanni da dama a tafiya guda, kamar yadda OMS ta ba da shawara ga masu sida.

In jama'a ba su zo ba, likita ya je. An ga amfanin haka a 2020: rabon maganin rigakafin masassara ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, wanda Gidan Rumji na cikin wuraren da aka fara shi a 2013, bai tsaya ba duk da korona. Gida gida aka bi, mai rabo ya tsaya nesa kaɗan, uwa ta ba ɗanta da hannunta. Abin da ya yiwu ga wannan magani zai yiwu ga awon ciki da alluran jarirai, muddin akwai man babur da kuɗin ma'aikaci. Ɗakunan shan magani na ƙauye da aka giggina tun farkon shekarun 2000 don haka aka yi su.

Gidan Rumji tana da nata nauyi na daban. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Gidajen likitan da aka gina don ƴan gari sai suka ɗauki baƙi ma. Duk shirin annobar da bai lissafa da su ba, kuma bai lissafa da zirga-zirgar iyaka ba, a takarda kawai zai tsaya. Kwalarar 2018 ta faro ne daga gundumar Madarunfa da marasa lafiyar da suka zo daga wajen Jibiya, ta kama mutum sama da 3,800 a ƙasa. Ta 2021 ta fi ta yawa, kuma Maraɗi na cikin jahohin da suka fi jin jiki. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga kiwon lafiya. Kasafinmu bai cika wannan alkawari ba, kuma a bakin ƙofar CSI ake ganin giɓin.

Abin da ke wuyan mai zuwa

Magidanci ya fara sanin abin da ba ya jira. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi cikin yini guda. Gwajin masassara ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san sakamako. In ya fara jijjiga, ko ya ƙi nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko numfashinsa na sama-sama, ko dare ne a tashi. Mai ciki in ta ga jini, ko ƙafa ta kumbura da ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta ɗauki yini ko dare guda ba haihuwa, ba a jiran gari ya waye. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, kuma matan da ake yi wa aiki a cibiyar Danja, kudu da Maraɗi, shaida ne. Amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, a fara ba shi ruwan gishiri da suga tun a hanya. Mai shan maganin tarin fuka kuma wata 6 ne cur. In ya yanke a tsakiya cutar na iya dawowa da taurin da maganin farko ba ya jin ta.

Alluran jariri ma suna da ranakunsu: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda da shawara a wata 9, da ta biyu ta ƙyanda a shekara ta biyu. Awon ciki aƙalla sau huɗu, OMS ma tun 2016 ta ce takwas, kuma a nan ake ba mai ciki maganin kare ta daga masassara da na ƙarin jini. In an makara ba a fasawa, kuma ba a sake farawa daga tushe. A ɗauki karne a je, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sai yadda za a je. A yi sammako, kuma in ba gaggawa ba ce a kauce wa ranar kasuwa, don ranar ce layi ya fi tsawo. Marar lafiya ya tafi da ɗan rakiya guda, mai ƙarfi, ba tsohuwa ba, kuma kada a ɗebi sauran yara. A rufe baki da hanci. In babu takunkumi, ƙyalle mai ninki ko rawani ya fi babu. A tafi da sabulu da buta da moɗa ta kai, kada a sha a moɗar kowa da kowa. A wanke hannu da shiga da fita, a sake wankewa in an koma gida kafin a taɓa abinci. A zauna waje a inuwa, da tazara kamar taku biyu, har a kira suna. Mai tari ya faɗa tun daga ƙofa, ɓoyewa ba ta warkar da shi, sai dai ta sa jaririn da ke kusa da shi cikin haɗari. Dubiya kuwa, wadda muka sani hakki ce ta zumunci, a lokacin annoba a yi ta da salula da aike da addu'a. Ɗaki mai gado shida da ƴan dubiya talatin ba ya yi wa kowa alheri.

Wanda ya ƙi likita ba zaune yake ba magani, wurin mai talla yake komawa. Ƙwayar da ta sha rana a kan tire ko bayan keke, ba a san inda aka yi ta ba, ba a san cutar da ake sha dominta ba. Zafin jiki ya sauka kwana biyu, cuta na ci a ciki, sai an ga ido ya juye a nemi mota. Kuɗin da aka yi gudun kashewa a CSI sai a kashe ninkinsa a hanyar babban asibitin Maraɗi, in an kai.

Ƴan kasuwa da ma'aikata

Masu karanta wannan shafi su ne ake saurara a garuruwansu. Alhazan kasuwa sun san zafin rufe iyaka, tun daga Agustan 2019 da Najeriya ta rufe tata har Disambar 2020, ga ta korona a kai. Duk da haka kasuwa ba ta daina ci ba, kuma ba a ji wanda ya bar rumfarsa don tsoron cunkoso ba. Mutumin da ya yini cikin turmutsutsun kasuwar Cadawa ba shi da hujjar hana matarsa zuwa awo da sunan gudun cuta. A yawancin gidajenmu izini da kuɗin kabu-kabu a hannun maigida suke, ke nan alhakin ma a wuyansa yake. Kuma wanda Allah ya hore wa, kwalin sabulu da ruwan jabel da rumfa guda a CSI na garinsu ba su kai kuɗin cefanen biki ɗaya ba. A wasu gundumomin ƙasar nan an gwada ƙara dala ashirin a kan kowace ganin likita don tara kuɗin kai marar lafiya babban asibiti. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi na iya tsaya wa irin wannan asusu, su kuma sa ido a kansa.

Ma'aikaci kuma, malamin makaranta ne ko na gona ko na ofishin perefe, bakinsa na da nauyi a majalisar unguwa. Saƙon WhatsApp da bai san tushensa ba, in ya tura, ya zama gaskiya a kunnen mutum goma. Kowane CSI yana da kwamitin jama'a mai kula da kuɗinsa da magungunansa. Mutum nawa cikin masu ilimin boko suka taɓa halartar taronsa, suka tambayi nawa aka tara, nawa hukuma ta biya, me ya sa famfo ya lalace wata shida? Suka a inuwar shayi ba ta gyara famfo. Haka nan sarakuna da limamai da gidajen rediyon karkara, a nemi shawararsu tun ranar farko, da Hausar da kowa ke ji, kada a bari sai an ƙona tayoyi sannan a tuna da su.

Sanƙarau 1995, kwalara 2018 da 2021, korona 2020, maƙarau a jahar Damagaram 2023: wanda ya duba wannan jeri ya san wata na tafe, sunanta ne kawai ba mu sani ba. Ranar da ta zo, mata za su ci gaba da haihuwa a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sauro kuma zai fito da damina kamar kullum. Tambayar da muke yi wa perefe da magadan gari da likitocin gunduma ita ce: a cikin gidajen likitan da ke ƙarƙashinku, nawa ne yau suke da ruwa, da sabulu, da rumfa, da mai tsayawa a ƙofa? A ƙirga, a faɗa wa jama'a, a gyara tun ba a shiga ruɗani ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya kare mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.